Hannun Daman Min-gu

Talata, 4 ga Yuni
Shekara huɗu ke nan ina Koriya, har yau ni ne kocin masu jifan ƙwallo na ƙaramar ƙungiyar besbol, a filin da gonakin tafarnuwa suka zagaye. In raini yaro shekara biyu, babbar ƙungiya ta bugo waya ta ɗauke shi, ta cinye hannunsa cikin sati uku, ta dawo min da saura. Yau ma sun dawo min da ɗaya. Ko sannu babu.

Alhamis, 6 ga Yuni
Pyo Min-gu ya jefa ƙwallo mai gudun kilomita 151 a awa. Mai cafe masa ya zare safar hannu yana yarfe yatsu: "Kai ɗan masunta, ni kifi ne da za ka soke?"
Shekarar Min-gu ashirin da uku. Ofis sun gaya masa in bai hau sama zuwa babbar ƙungiya bana ba, sallama ce, daga nan sai aikin soja. Wanda ya tafi soja ba shi da ƙungiya, ba ya dawowa besbol.

Juma'a, 7 ga Yuni
Wajen cin abincin rana ya zuba min shayin sha'ir da hannun hagu. Manyan 'yan wasa suka yi masa ca. "Wa ya raine ka? A tsibirinku haka ake zuba wa babba?" Ya yi dariya, ya ba da haƙuri.
Ni ban yi dariya ba. Yaron da yake rusuna wa direban bas ba zai manta da wane hannu ake zuba wa malami shayi ba. Butar ce ta yi wa damansa nauyi.
Na ja shi bayan ɗakin kaya na ce ya miƙe hannun. Bai miƙu duka ba. "Gajiya ce kawai, Koci."
Haka na ce wa nawa kocin a Japan, ina ɗan ashirin da biyu. Har yau da hagu nake ɓalla maɓallin wuya.

Asabar, 8 ga Yuni
Manaja Seok na babbar ƙungiya ya bugo. Masu jifansa sun ƙare, yana son mai hannun dama kafin Talata. "Narumi, ba wa'azi na kira ka ba, suna nake so."
In za a yi adalci, wasa shida ya faɗi a jere, shi ma wuyansa na kan wuƙa. Na ce sai gobe.

Lahadi, 9 ga Yuni
Min-gu ya durƙusa min a kan siminti, gwiwa biyu. Wai in ba shi sati biyu kacal, su ga abin da ya iya, daga nan da bakinsa zai gaya wa likita. Wai mahaifinsa bai taɓa ganinsa da rigar manya ba.
Ba a hawa sama sai da takardar da ta ce ɗan wasa lafiyarsa ƙalau, da hatimin kocinsa a ƙasa. Na buga nawa. Jan tawadar ma bai zauna daidai ba.

Laraba, 12 ga Yuni
A talabijin ɗin ɗakin abinci muka kalla. Masu bugu da sanda uku suka tsaya masa, duka ukun ya mayar da su ba su taɓa ƙwallon ba. Aka nuno mahaifinsa a cikin jama'a, ya rufe fuska da hula.
Na ji daɗi. Na rubuta nan don kada gaba in yi wa kaina ƙarya.

Asabar, 15 ga Yuni
Sun fito da shi sau uku cikin kwana huɗu. Na kira Seok na ce ya hutar da yaron. "Takardarka ta ce lafiyarsa ƙalau, ko ba hatiminka ba ne?"
Nawa ne.

Lahadi, 16 ga Yuni
Jifa na goma sha takwas. Ƙwallon bai ko kai rabin hanya ba. Ya rungume hannun a ciki kamar wanda ya ɗauko jariri, ya cire hula da hagu, ya rusuna wa 'yan kallo, sannan ya sauka daga tudun jifa.

Litinin, 17 ga Yuni
Jijiyar gwiwar hannun ta tsinke.

Alhamis, 20 ga Yuni
An yi masa tiyata. Likita ya ce tsagar tsohuwa ce, ta fi wata biyu. Dokar ƙungiya: wanda ya ɓoye ciwo, sallama, babu ɗakin farfaɗowa na masu rauni, babu jira. Min-gu ya riga ya gaya musu babu wanda ya sani.
Seok ya ce, "Ka kama bakinka, tsoho. Yaron ya wanke mu duka."
Matata Sachie ta bugo daga Aomori, can Japan. Ta ji muryata ta ce, "Maigida, me ka yi?" Na ce layin ba kyau.

Asabar, 22 ga Yuni
Asibiti. Mahaifin ya tare ni a ƙofa da ƙunshin busasshen ganyen teku na gonarsa, ya riƙe hannuna da nasa biyu. "Malam, kai ka kai min ɗa can. Na gan shi da idona." Godiya yake min. Godiya!
Min-gu ya juya fuska bango. Da zan fita ya ce, "Koci, ni na roƙe ka. Kada mu nutse mu biyu."

Litinin, 24 ga Yuni
Na kai wa ofis layi uku: na gani ranar 7, na sani, na buga hatimi. Ba jarumta ba ce. Rahoton da ke hannunsu ba daidai ba ne, ni kuma ba na son aikin da ba daidai ba.

Laraba, 3 ga Yuli
Za su riƙe Min-gu shekara ɗaya a ɗakin farfaɗowa. Ni aikina ya ƙare a Oktoba. Seok ya daina ɗaukar wayata, ban ga laifinsa sosai ba.
An cire wa Min-gu ƙarfen da ke ɗaure masa hannu na awa ɗaya. Ana bukatar wanda zai tallafe gwiwar ya lanƙwasa a hankali, kullum da safe. Ma'aikacin ɗakin mutum tara ne a kansa, ni kuma ba ni da abin yi kafin ƙarfe tara. Shi ke nan dalilin.
Zufa ta jiƙa masa riga, bai yi ƙara ba. Na ce, "Yana ciwo?"
"A'a, Koci."
Na tsaya, ban saki hannun ba, ban kuma ci gaba ba. Muka daɗe haka.
"Yana ciwo," in ji shi.
Na tambayi ofis ko ɗakin zai so ƙarin mutum bayan Oktoba, ko da babu muƙami. Tambaya ce kawai. Ban gaya wa Sachie ba tukuna.