Ban Ga Fuskarta Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna da ciwon gwiwar? Ki ce mata ina lafiya, ina cin abinci, kada ta sa damuwa a ranta.

Aiki sai godiya, har yanzu motar asibitin nake ja. A wannan aiki ba mutum ake kallo ba, abin da zai yi ake kallo. In na kunna jiniya, ba mai gudu nake tsoro ba, sai wanda zai firgita ya taka birki a gabana. Ina leƙen ƙafafu ta ƙarƙashin motocin da aka ajiye, ina duban tayar da ta fara karkata. Da haka ake kai mara lafiya da ransa. Wani kuma ya cika a hanya, sai in kashe jiniyar in bi layi kamar kowa.

Matsalar ita ce, ko na tashi daga aiki idon nan ba ya tashi.

Na ga bidiyon 'yata da kika turo, ta fara tafiya a ƙofar gida. Kin ce dariyarta irin tawa ce. Wallahi Yaya na kalla har cajin wayar ya ƙare, ba abin da nake gani sai ƙyauren da aka bari a buɗe, da babur ɗin da ya gifta ta bayanta.

Don Allah a sa wa ƙyauren nan sakata. Sannan ki rubuto mini yadda fuskarta take.

Allah Ya tsare ku.

Ƙaninki