Mabuɗin Ɗakin Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana, bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga babban wa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a neman da kake yi, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma faɗa da kaji. Baban yara yana nan yana fama da shago. Auta ta fara rarrafe, ba abin da ya tsira daga hannunta, ranar nan allurar keken ɗinkina na ƙwace a bakinta. Baba kuma ƙafar ce dai kamar yadda ka sani, a kan kujera yake salla har yanzu.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na saba da kai, Yaya. In na ɗauko magana mai nauyi sai ka sa dariya, ka tambayi yara, daga nan ka ce ba ka ji na sosai. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta har ƙarshe.

An buɗe makarantar Baba. Ka tuna rumfar kwanon da ke jikin katangarmu, inda yake tara samarin unguwa bayan la'asar tun muna ƙanana, masu gyaran babur da 'yan kasuwa da ɗalibai, kowa da baƙin mai ko ƙurar aikinsa a hannu? To yau gini ne mai bene, da zauren karatu da azuzuwa da wurin alwala mai famfo. Wallahi ya yi kyau, ban da bakin kushe shi. Amma tun ana ginin raina bai kwanta ba.

A zanen farko da aka nuna mana, ɗakin Baba yana ƙasa, dab da ƙofar shiga, da babbar taga mai kallon titi, don ya riƙa ganin mai shigowa da mai zillewa. Wata rana na kai wa ma'aikata ruwa, sai na ga tagar ta koma 'yar ƙarama can kusa da rufi. Na tambayi magini, ya ce ai nan ɗakin ajiyar tabarmi da butoci ne, ofishin shugaban makaranta yana sama. Na je na leƙa matakalar. Ga tsawo, ga matsi, ga kwana a tsakiya. Ni mai ƙafa biyu lafiyayyu sai da na huta a hanya. Na ce masa shin ya taɓa ganin tafiyar Malam kuwa? Ya ce shi abin da aka zana yake ginawa, in je in tambayi kwamiti.

Nan take zuciyata ta tafi kan shugaban kwamitin, wato Mai Gilashi. Ka san shi, mutumin da ke riƙe hannunka da hannu biyu yana kallon bayanka. Surukinsa ya gama karatu ya dawo ba aikin yi, kuma na lura duk lokacin da aka zo duba gini yana biye da shi da babbar riga. Na ce a raina, wato ba za su iya kallon idon Baba su ce ya sauka ba, sai su bar matakala ta faɗa masa. Na kai ƙara wurin Kawu, ya ce in daina neman magana, mutane sun yi aikin Allah ina tona ƙasa. Baban yara kuwa cewa ya yi ni ko inuwata ta biyo ni sai na tambaye ta wa ya aiko ta. Na bar maganar, amma ban rufe ido ba. Baba ban gaya masa ba. Lokacin ƙafar ta matsa masa, daga bakin ƙofa yake kallon ginin yana ta sa albarka, ni kuma na kasa ɓata masa wannan farin cikin.

Ranar buɗewa an cika maƙil. Tsofaffin ɗaliban Baba sun zo, wasu da furfura, wasu da 'ya'yansu a hannu. Samari suka yi karatu, aka yi addu'o'i, aka yanke ƙyalle. Sai Mai Gilashi ya miƙa wa Baba mabuɗin ofis a kan faranti, aka yi ta tafi, aka ce Malam ya jagoranci baƙi su ga sama. Ina tsaye ina kallo. Baba ya tako har gindin matakalar, ya ɗora sandarsa a kan takin farko, ya ɗaga kai ya dube ta har inda ta yi kwana. Ya daɗe a haka. Sai ya janye sandar, ya ce baƙi su hau, shi zai tsaya da mutanen ƙasa kada a bar su su kaɗai. Samari suka ce za su ɗauke shi da kujera, ya yi dariya ya ce da sauran lokaci kafin a ɗauke shi a kafaɗa. Kowa ya yi dariya ban da ni da Inna.

Ina can ina rarraba ruwa aka zo jawabin godiya. Mai Gilashi ya gode wa wannan ya gode wa wancan, sai na ji ya ce godiya ta musamman ga babban ɗan Malam, wanda duk da nisan da yake, shi ya ba da shawarar a gyara zanen a mai da ofis sama. Wato kai ke nan, Yaya. Da aka watse na tare shi a bakin mota. Ya cire gilashin yana gogewa, ya ce shi ya ɗauka da sanin gida aka yi. Wai kai ka kira shi, ka ce likita ya ce Baba ya huta, kuma in aka faɗa masa da baki ba zai taɓa yarda ba, gara a yi yadda zai bari da kansa.

Ban gama yarda da shi ba. Mutum ne da zai iya jingina maka abin da ba ka yi ba, tunda ba ka nan. Amma na kwana ina juya maganar. Kai ka aiko wa Baba sandar nan, don haka ba wanda ya fi ka sanin ƙafarsa. Kuma na tuna duk wayar da muka yi ana ginin, ka tambayi rufi, ka tambayi fenti, ba ka taɓa tambayar ina ɗakin Baba yake ba. In tausayi ne ya sa ka, na gane, ni ma ina ganin yadda yake cije leɓe in zai miƙe. Sai dai raina ya ɓaci ƙwarai, don Baba ba yaro ba ne da za a ɓoye wa magani a cikin abinci.

Ga halin da ake ciki yanzu. Kullum bayan la'asar Baba yana zuwa, a sa masa kujera a ƙofar ɗakin butocin, samari su kewaye shi. Kwamiti kuwa a sama yake zama. Yana jin takunsu a kansa, in sun gama su sauko su gaya masa abin da suka yanke. A zamansu mai zuwa za su zaɓi wanda zai riƙe ofis, wai don a sauƙaƙa wa Malam. Na so in yi zaton bai ji jawabin nan ba, amma ka san kunnen Baba. Jiya ya kira ni, ya ciro mabuɗin daga aljihu ya sa min a hannu, ya ce, "Ki tambayi yayanki, wa yake so a ba?"

To na tambaye ka. In ƙarya aka yi maka, ka kira Mai Gilashi a gaban Kawu kafin su zauna, a rushe tagar nan a mayar wa Baba ɗakinsa, magini ya ce ba wani babban aiki ba ne. In kuma gaskiya ne, kada ka ba ni amsa ni. Ka kira Baba ka faɗa masa da bakinka. Mabuɗin yana cikin aljihun kekena, ba kuma zan miƙa wa kowa ba sai na ji daga gare ka.

Ka gaishe min da matar Yaya da kyau, da Mai Sunan Baba da ƙannensa. Inna da Goggo da Kawu da baban yara duk suna gaishe ku. Baba ma ya ce a gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ya sa muku albarka, ya ce kuma in gaya maka sandar tana nan da ƙarfinta, ya gode.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Maman Auta