Ja Mai Lulluɓi da Fangalin Albasa

Zuwa ga kakana kuma abokin wasana, Malam Audu mai gurmi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jika ga kakansa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Sagiru, wanda ka ce ba zai taɓa iya riƙe fartanya ba. To ga ni ina noman albasa a gonarka ta bakin kanal ɗin ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, kuma bara har maƙwabta sun zo kallo. Na san ba za ka yarda ba, shi ya sa na fara da wannan.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne waƙarka ta ban ruwa ta kusa ɓace mana. Bari in bi da kai a hankali, tunda kai ma ba ka son gaggawa.

Har yanzu ina ganinka zaune a bakin kanal, gurmi a ƙirji, ƙafa dumu-dumu da laka. Ba ka taɓa rera waƙar wani ba, duk naka ne. Ka yi wa mai tumatirin da kayansa suka ruɓe a hanyar kasuwa waƙa har ya manta ya yi dariya. Ka yi wa injin casar shinkafa. Ka yi wa Fulanin da ke shayar da shanu a gindin gada, suka aiko maka da kindirmo. Ni ma ba ka ƙyale ni ba. Da gemuna da 'ya'yana, har yau akwai masu kirana Sagiru mai tsoron kwaɗo, kuma wannan ban yafe ba tukuna.

Amma wadda ta fi shiga jinin mutane ita ce ta ban ruwa:

Sannu-sannu, Ja mai lulluɓi,
ina nan ina jira.

Kowa ya san da albasa kake, ja ce kuma ga ɓawo kan ɓawo. Manoma ba don daɗi kaɗai suka riƙe ta ba, ma'auni ce. Mutum ya buɗe bakin fangali, wato ɗan filin shukar da aka kewaye da kunya, da fartanya, ya ɗauki baiti, kafin ya dire ruwa ya kai ƙarshen fangalin. Sai ya toshe da laka, ya buɗe na gaba, ya ɗauki wani baitin. Da rani in ka bi gonaki da hantsi, sai ka ji ta tana tashi ta ko'ina, har daga bakin waɗanda muryarsu ke korar tsuntsaye.

Bayan rasuwarka kaset-kaset ɗin da aka ɗauki muryarka duk suka lalace. Sai wasu samari a Kura suka ɗora waƙar a kan kiɗan fiyano, suka ƙara mata sauri don a yi rawa. Ba da mugun nufi suka yi ba, kuma gaskiya ta yi daɗi, na ga tsofaffi suna gyaɗa kai a wajen biki.

Matsalar a gona ta ɓullo. Matasan manoma suka riƙa sa ta a waya, su jefa a aljihu, suna ban ruwa da ita. Baiti ya ƙare, su toshe, alhali ruwa bai wuce rabin fangali ba. Albasar ƙarshen fangali ta soma yaushi. Aka zagi iri, aka zagi taki, aka zagi masu sako ruwa. Sai da Malam Tanimu, ɗan amshinka da ya rage, ya ji abin da ke fita daga aljihun wani yaro, ya yi dariya har da tari, ya ce waƙar ce take gudu.

Muka yi ta dariya, amma ni daga baya tsoro ya kama ni. Numfashin Malam Tanimu ba ya kai shi ƙarshen baiti yanzu. Ni kuwa sabuwar ta ɓata mini kunne, ko na fara a hankali sai in tsinci kaina ina sauri. Na ga muna ji muna gani waƙarka ta ainihi za ta bi ka, a bar mu da ta rawa. Wannan ya dame ni ƙwarai.

To, yanzu gyara zama, maganar matarmu ce, Iya, wadda muka yi shekaru muna takara a kanta.

Ka san halinta. 'Yar liman ce, kuma ba ta bari a manta. Da ka ɗauko gurmi sai ta shige madafi ta hau ƙarar tukwane. In an tambaye ta wata waƙa taka, amsarta ɗaya ce: ita ba ta san waƙa ba, a tambayi mai ita. Kai kuma sai ka ƙyafta mini ido ka ce ka auri kurma.

Ranar nan ta ji sabuwar waƙar a wayar jikar maƙwabta. Ta ɓata rai, ta ce wa ya sa waƙar wannan gudun kamar an biyo ta. Washegari da safe ta yafa mayafinta ta ce in samo adaidaita sahu, gona za ta.

A kan gada ta ce a tsaya. Ta daɗe tana kallon hanyar da ta miƙe zuwa gindin mangwaron nan naka. Sannan ta ba ni labarin da ba ka taɓa ba ni ba, kai mai surutu. Wai tana amarya ita ke kawo maka abinci. Da ka hango mayafinta a kan gada sai ka buɗe fangali, ka ɗauki gurmi kana bin takunta. Kafin ta sauke ƙwarya a gindin mangwaro, fangali ya cika. Na ce mata ai mu duk mun ɗauka da albasa kake. Ta harare ni ta ce:

"Wace albasa? Ni ce Ja mai lulluɓin."

Kaka, ashe shekara da shekaru manoman ƙasar nan da tafiyar matarka suke auna ruwa, kai kuma kana gefe kana dariya a ciki.

Ƙafarta ba ta iya wannan tafiyar yanzu, sai da na riƙe ta muka ƙarasa. Ta zauna a gindin mangwaro, ta ce ƙafa ta tsufa amma ba ta manta takunta ba. Ta soma buga tafin hannu a gwiwa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Na kunna waya don in ɗauki muryarta, na buɗe bakin fangali. Sai 'yar liman ta buɗe baki ta rera baitin waƙarka, layi bayan layi, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba. Duk ƙarar tukwanen nan, ashe kunnenta na wajenka.

Na tsaya ina kallon ruwa yana bin tsakanin albasa. Tana dire kalmar ƙarshe, yana taɓa kusurwar fangali. Na yi dariya, na yi hawaye, na manta ban toshe ba har ya soma malala, ta ce dama kakana ya faɗa ban iya noma ba.

Yanzu muryarta tana cikin wayoyin manoma daga nan har Bunkure, albasa kuma ta miƙe. Samarin nan ma sun zo sun gaishe ta, ta ce su ci gaba da rawarsu, amma kar a ƙara kai ta gona. Ta yarda kowa ya ji, sai mutum ɗaya ta ce kar labari ya kai masa, wai kansa zai kumbura. Kai ne. To ga shi na faɗa maka, sai ka san yadda za ka yi da ita.

Ina kewarka, Kaka. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Allah ya ƙara wa Iya lafiya da nisan kwana. Ka yi haƙuri, muna son ta daɗe a wajenmu. Ka san tafiyarta sannu-sannu ce, kai kuma ka saba jira.

Naka har kullum,
jikanka kuma abokin takararka,
Sagiru mai tsoron kwaɗo