Yara Ashirin da Aka Zaɓa

Litinin, 4 ga Satumba

Yau da hantsi aka buɗe taron bitar sababbin malamai. Karo na goma sha ɗaya ke nan ina tsayawa a gabansu a matsayin mai horarwa. Su talatin da shida, kowa da sabon littafin rubutu a hannu da tsoro a ido. Mako biyu za mu yi, sannan a rarraba su makarantu. Wanda bai ci darasin gwaji ba, sai ya koma gida ya jira baɗi. Na buɗe musu da baitin da na tsara bara:

Malami fitila, mai kore duhun dare,
Alli a hannunsa ya fi takobi a zare.

Suka tafa. Na ji daɗin tafin nan fiye da yadda ya kamaci mai furfura.

Wata yarinya a benci na biyu, mai jan littafi, ta ɗaga hannu. "Malam, to idan na shiga aji, yara saba'in suna ta surutu, me zan fara yi?" Na ce mata malamin ƙwarai kwarjininsa kan riga ƙafarsa shiga aji. Aka sake tafawa. Ita ba ta rubuta komai ba.

Talata, 5 ga Satumba

Tsarin darasi. Fanka ta mutu. Na yi magana awa uku, ban gaji ba. Su ban sani ba.

Laraba, 6 ga Satumba

Na leƙa makarantar da ke bayanmu, wurin hedimasta, abokina tun muna ɗalibai. A can zan gabatar da darasin misali jibi, sababbin su zauna a baya su ga yadda ake yi. Ko zama ban yi ba ya ce, "Mutumina, kamar kullum?" Na ce kamar kullum.

Ga yadda kullum ɗin take. Yakan tsamo mini yara ashirin mafi kaifin kai daga aji huɗu. Ni kuma in ba shi takarda mai tambayoyi takwas da amsoshinsu, malamin ajin ya yi kwana biyu yana ɗura musu. Sauran yaran a tura su filin wasa. Mu biyu muna kiran wannan "share fage".

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa sa wannan a cikin littafin nan ba. Ban san abin da ya sa alƙalamina ya zame yau ba. Tun da ya riga ya zame, bari in ƙarasa: rabona da tsayawa a gaban aji na gaskiya shekara goma sha tara.

Juma'a, 8 ga Satumba

Da ƙasa tana buɗewa don kunya, da yau ta yi mini alheri.

Darasin a kan sassan shuka ne. Na shiga da reshe a hannu, yara ashirin zaune tsaf kamar an jera kwalabe. Tambaya ta farko ta tafi lafiya. Daga nan daɗin muryata ya ɗebe ni, na yi ta kwatanta ganye da tafin hannun mai roƙon rana, har na manta inda nake a takarda. Na ce, "Wane aiki ganye ke yi wa shuka?" Wata 'yar ƙarama ta miƙe, hannu a ƙirji, ta rera: "Saiwa tana riƙe shuka a ƙasa, tana kuma sha mata ruwa." Kafin in buɗe baki, na kusa da ita ya ce, cikin ladabi da son taimako, "Malam, ka tsallake ta biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi. Hedimasta ya juya yana nazarin taga. Sababbin malamai talatin da biyar suka sunkuyar da kai. Mai jan littafi kuwa yau ta yi rubutu.

Na ƙarasa darasin. Ban tuna da wane baki ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Ban fita ba. Uwar yara ta leƙo ɗaki ta ce, "Malam, yau ba waƙa? Lafiya dai gidan ya huta haka?" Na ce kaina ke ciwo. Ta kawo magani, na sha don kada in ƙaryata kaina.

Litinin, 11 ga Satumba

Ranar gwajinsu. An jefa ƙuri'a, Mai jan littafi ta faɗa aji huɗu, cikakkensa: saba'in da uku, har da hamsin da ukun da nake turawa fili. Ni ne mai auna ta. Na zauna a baya da fom a cinya.

Da farko ta yi ta ɗaga murya, muryar ta nutse kamar tsakuwa a rijiya. Alli ya karye mata sau biyu. Sai ta daina. Ta taka har bencin da ya fi hayaniya, ta durƙusa, ta tambayi kowannensu sunansa, ta ba mafi tsiwa hoton darasi ya riƙe a gaban allo. Minti goma sha biyu cikin talatin da biyar kafin ajin ya lafa. Amma ya lafa. Ni da idona na ga wata can a lungu, wadda ba ta da ko fensir, ta ɗaga hannu.

Ƙararrawa ta kama ta a tsakiya. Fom yana da gidaje huɗu: gabatarwa, bayani, auna fahimta, kammalawa. Ba ta kai biyun ƙarshe ba. Maki talatin da takwas na ba ta. Ana ci da hamsin. Na rubuta, na sa hannu da irin sa hannun nan nawa mai jela. Ko jinkiri ban yi ba, wannan ne ke ci mini rai.

Talata, 12 ga Satumba

Ta same ni a baranda. Ta rusuna ta gaishe ni yadda ya kamata. "Malam, ba gardama na zo yi ba. A ba ni yaranka ashirin ɗin nan da kwana biyu, a sake auna ni." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙara da cewa mahaifiyarta ta riga ta ɗinka mata kayan zuwa aiki, kala biyu.

Na ce, "'Yata, ƙa'ida ƙa'ida ce." Ni. Ni na faɗi haka.

Laraba, 13 ga Satumba

Fom yana cikin jakata. Gobe ake miƙa wa Shugaban cibiya.

Alhamis, 14 ga Satumba

Na shirya jawabi mai sakin layi huɗu a hanya, ina shiga ofishin Shugaba jawabin ya watse. Na faɗa masa zancen share fage tsirararsa. Ya cire tabarau ya yi murmushi. "Haba Malam, wa bai sani ba? Har masinja ya sani."

Ashe shekara goma sha ɗaya ina ɓoye abin da ke rataye a bayan rigata.

Game da yarinyar, ya ce ba a sake gwaji sai mai aunawa ya rubuta da hannunsa cewa bai cancanci yin hukuncin ba. Takardar za ta shiga fayil ɗina, kuma kada in sa rai za a kira ni taron baɗi. "Ka je ka yi tunani," in ji shi. Na ce ya ara mini biro. Layi uku na rubuta, ba kwatance ko ɗaya. Tun da na iya riƙe alƙalami ban taɓa rubuta abu mai muni haka ba, ko gajere haka.

Juma'a, 15 ga Satumba

Malamar lissafi ce ta sake auna ta da safe, a aji guda ɗin. Hamsin da shida. Ban je ba. A wurin rufe taro an kira ni in rera waƙar sallama, na nuna maƙogwarona. Da aka miƙa mata takardar shaida ta waiwayo wajena. Na tsunduma neman wani abu a jaka.

Da aka watse na bi ta wurin hedimasta. Na ce ya ba ni aji huɗu ranar Litinin, darasin farko. Ya ce, "Ashirin?" Na ce duka. Ya ce, "Mutumina, ka zo da ruwan sha."

Ba wani abu ba ne. So nake kawai in ga ko ƙafafuna za su iya minti talatin da biyar. Na aro rajistar ajin don in duba yawansu, ba don komai ba.

Na haddace sunaye goma sha huɗu. Saura hamsin da tara.