Katin Farashin Basiratu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yawancin yaranmu suna zaton duk kuɗin da ya shigo hannu riba ne. Ni ma haka na zata kafin in yi karatu. Yau na fara darasin sa farashi da 'yan ajina a cibiyar koyon sana'a ta Gumbihini: teloli, masu kitso, masu lalle biyu. Na rubuta musu hanya uku a allo. Ko ka yanka kuɗi bisa awa, ko bisa aikin gaba ɗaya, ko bisa darajarsa a wurin mai shi. Babu darasin da nake so kamar wannan.

Na tambayi Basiratu, mai lalle daga Aboabo, nawa take karɓa a kan amarya. Ta ce ba a faɗa. Aluwanka, wato tsohuwar da ke kula da wankan amarya, ita ke kiran mai lalle. In an gama zane sai a ajiye kwano, dangi su zuba abin da ya sawwaƙa. Na ce bikin ƙarshe nawa ta samu? Sidi tamanin, bayan awa bakwai a durƙushe. Muka cire kuɗin lalle da na yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa da dawowa, ya rage sidi uku a awa. Aji ya kwashe da dariya, Rashidatu, ɗaya mai lallen, ta fi kowa. Na bar su. Kunya tana koyar da abin da allo ba ya iyawa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun yi wa Basiratu katin farashi. Amarya, hannu da ƙafa, sidi ɗari uku. Ƙawaye arba'in-arba'in. Da kuɗina na buga shi, don yarinyar nan tana da hannun da ban ga irinsa a Tamale ba. Na gargaɗe ta: babu ragi ga kowa, in kin rage wa ɗaya kin rage wa gari.

Ta ce, “Madam Rahimatu, Mma Azeta fa?” Ita ce aluwankar da ke ba ta aiki. Na ce Mma Azeta ba ita ke saya miki lalle ba.

Litinin, 27 ga Janairu

An biya. Gidan Alhaji Mutaru, dillalin shanu a Dungu, sun turo wa Basiratu ɗari uku cif ta momo, wato ta waya. Na ɗauke ta hoto riƙe da katin saboda rahoton cibiya. Sai da na ce ta yi murmushi sau biyu.

Bayan an tashi ta tsaya. Wai bara a gidan nan, da aka aurar da babbar 'yar, kwano ya ba ta ɗari bakwai da turmin atamfa. Na ce me ya hana ta faɗa a aji? “Na ƙarshe kika tambaye ni, Madam.” Bana kuwa Hajiyar gidan cewa ta yi tunda ta yanka wa kanta, a ba ta abin da ta yanka. Ba a kira ta ɗaki cin abinci ba. A waje ta zauna tare da masu hayar rumfa da kujeru.

Na nuna mata gida ɗaya ba ya zama ma'auni. Ta ce to.

Laraba, 29 ga Janairu

Ba ta zo ba.

Juma'a, 31 ga Janairu

Rashidatu ce ta kawo labarin, tana ba ni tana gyara ɗankwali.

Kadijatu mai koko, maƙwabciyar su Basiratu, za ta aurar da 'yarta. Basiratu ta aika mata kati kamar yadda na ce. Sidi sittin matar ta tanada. Ta ɗauki katin ta kai wa Mma Azeta. Jiya a wurin lalle, mata cike da tsakar gida, tsohuwar ta saka katin a cikin kwano aka zagaya da shi hannu-hannu, ta sa jikarta ta karanta da ƙarfi. Sannan ta ce, “Da uwar yarinyar nan ta rasu, kwana bakwai Kadijatu tana dama wa 'yan makoki koko. A tambayar mini ita nawa ta karɓa a awa.”

Yanzu sunanta Ɗari Uku. Har yara a lungu.

Na ce wa ya yi wa amaryar lalle? Rashidatu ta ce, “An rasa mai yi, Madam, sai ni.”

Canji kullum da zafi yake zuwa. Haka aka koya mana.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Biki shida Mma Azeta take da su kafin azumi, lokacin da masu lalle ke tara abin da za su ci wata uku. Duk shidan Rashidatu.

Rashidatu ba ta faɗar farashi. Sai ta dubi rufin gida da tukwanen da ke kan wuta, ta san abin da kwano zai kawo, ta auna zanen daidai da shi. Gidan talaka fure uku, awa biyu ta tashi. “Lissafinki nake yi, Madam, a ciki kawai.” Zanenta kamar tafiyar kaza. Na duba takardar gwajinta, babu kuskure ko ɗaya. Ita ta zo ta ɗaya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Malam Abdul-Aziz, shugaban cibiya, ya ji daɗin rahoton. Daga tamanin zuwa ɗari uku cikin sati biyu. Ya sa an faɗaɗa hoton an kafa a ofis. Ba ƙarya a ciki. Na sa hannu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na je Aboabo da kaina. Mma Azeta ta shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni ruwa, ta bar ni ina bayani kusan rabin awa. Kuɗin kaya, lokaci, riba, mutuncin sana'a. Ban taɓa tsara shi da kyau haka ba.

Ta ce, “Kin gama, 'yata?”

Ta ce kwanon nan shi ne farashin. Mai shi yana cika na marar shi, a ƙarshen shekara mai lalle ba ta kwana da yunwa, kuma babu amaryar da ta shiga ɗaki da farin hannu. Ita ke raba gidajen, mai ƙiba ɗaya, ramammu biyu. Shekara arba'in tana wannan lissafi. “Ke kika ɗauki ramammen gida ɗaya kika auna mata duniya da shi.”

Sharaɗinta: Basiratu ta durƙusa wa Kadijatu a gaban mata, sannan ta riƙa kwaɓa wa Rashidatu lalle har bayan babbar sallah. Daga nan a gani.

Na ce Mma, wannan ai horo ne mai tsanani. Ta ce marainiya ce, in ba a lanƙwasa ta yanzu ba wa zai riƙe ta gobe, takardarki? Ta rako ni har bakin ƙofa tana sa mini albarka.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Basiratu ta durƙusa, in ji su. Wasu sun ɗauka a waya.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na gamu da su a kasuwar Aboabo. Rashidatu a gaba tana waya, Basiratu a baya da jaka biyu. Tafin hannunta ja wur da kwaɓi, babu zane. Ta rusuna ta gaishe ni yadda ya kamata. Na ce ƙofar aji a buɗe take, akwai wata hanyar da ban nuna mata ba, farashi hawa uku.

Ta ce, “Madam, ba 'ya'yan yayanki kike koya wa karatu kullum bayan la'asar ba? Ki kai masa kati mana.”

Na yi dariya, na ce wannan daban ne.

“Eh, daban ne, Madam.”

Rashidatu ta kira ta, ba da sunanta ba. Ta amsa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Sabon aji bayan sallah. Na mayar da darasin farashi sati na shida, tsarin ya fi kyau haka. Na ƙara aikin gida: kowa ya fara rubuto wa ke turo masa aiki, da abin da ya samu shekara guda, har atamfa da abinci. Dama ina da niyyar ƙarawa.

Jiya na auna kuɗin karatun da nake koyarwa a gidan yaya Tahidu, don in ga yadda zai fita kawai. Yara uku, kwana biyar a sati. Na rubuta a ƙaramar takarda na sa a jaka. Yau na je, na koya musu, na ci tuwo. Matarsa ta ƙulla mini man kaɗe a leda, yaya ya ce Allah ya bar zumunci. Hannuna yana cikin jakar har na hau yalo-yalo.

Ba wani abu ba ne. Tsayuwa ce a bakin ƙofa, ki dubi idonsa, ki faɗi kuɗin. Gobe ki gwada, Rahimatu.