Gadalin Inna

Yaya Mamman, gaisuwa mai yawa daga Birnin Lalle. Ya jikinka, ya iyali, ya zaman Agadas? Mu lafiya lau, ban da zuciyata.

Gadalin da marigayiya Inna ta dasa bayan ɗakinta, mai farin fure da saukar damina, Baffa ya tone shi kakaf, ya daka wa shanunsa wai su yi ta haihuwa. Na ce, "Baffa, ganyen bai isa ba?" Ya ce, "Fure kake ci?" Ruwa ya sauka, wurin sai rami.

In gadalin Inna da ka tafi da shi can ya rayu, aiko mini kai ɗaya ta hannun 'yan ayari. Gaida matarka. Ka sa ni a addu'a, har yau ban gaida Baffa ba.

Ƙaninka, Ila.