Ɗan kawuna ya sa sunansa a kan taswirar da na yi shekara uku ina haɗawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, a garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mani a rai har ba na jin daɗin abinci.

Ni malamin sakandare ne a Ƙanƙara, ina da mata da 'ya'ya biyu. Tun ina ƙarami ba ni da burin da ya wuce tuƙin jirgin sama. Da kuɗin man fetur suka yi yawa a hannun gwamnati aka fara tura matasa waje koyon tuƙi, na zauna jarabawa na ci, har aka ce in kawo fasfo. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya karɓi takarduna ya ce zai bi mani tunda ya san manya. Da sunaye suka fito babu nawa, sai na ɗansa, wanda bai ma zauna jarabawar ba. Inna ta ce in bar wa Allah, na bari. Yanzu ɗan nasa matuƙi ne, a gida Kyaftin ake ce mashi.

Ni kuma na sayi kwamfuta da sandar tuƙi da fedal, na sa simuleta, wato manhajar da kake tuƙa jirgi kana zaune a ɗaki, komai kamar gaske. In na taso daga makaranta sai in tada janareta in tashi daga Kano in sauka Katsina. Abin da ke ɓata mani rai shi ne in ka leƙo ƙasa, yankinmu duk fili ne ja wur, ba gari ba dutse ba gona, kamar ba mutane a wurin. Na sauke ƙarin taswirori kala-kala daga intanet, akwai filayen jirgin Turai har da fitilun titi, amma ba wanda ya damu da mu. Sai na ce zan haɗa tamu da kaina.

Shekara uku na yi. Duk Asabar ina kan babur da kyamara, duwatsun Faskari, rumfunan bakin titi na Sheme, gonakin dawa na Damari da damina da kuma bayan girbi, har rumbunan bayan gidan kakarmu na sa. Mutane suna ganina suna dariya, Kawu da kansa ya ce a gaban jama'a wai malam guda ya koma wasan yara.

Da sallar bara Kyaftin ya zo gida ya shigo gaishe ni, ya tarar da ni a kai. Ya karɓi sandar ya bi ta saman Sheme, sai ya ce, “Yaya, wannan ai gidan Kaka ne.” Wallahi na ji daɗi, don shi ne mutum na farko da ya gane abin da na yi. Ya ce in sa mashi taswirar a filas ɗin kwamfuta ya nuna wa abokan aikinsa, na sa mashi da hannuna.

Bayan wata huɗu na shiga wani zauren masu wannan harka na duniya, sai ga taswirata da sunansa a kai. Ya rubuta wai shi matuƙi ne na gaske, ya haɗa ta ne daga abin da yake gani in ya bi ta saman garinsu. Turawa suna ta yabo, har aka yi hira da shi. Ko a wurin godiya babu sunana. Na kira shi, ya ce ai duk ɗaya ne, sunan gida ne ya fita, kuma da sunan malamin makaranta ne a kai ba wanda zai kalla. Na kashe wayar.

To yanzu an fito da sabuwar simuleta, tsohuwar taswirar ba ta aiki a kanta, sai an sake gyara ta daga tushe. Mutanen can sun dame shi ya sabunta, shi kuma ko buɗe fayil ɗin bai iya ba. Ya kira ni sau uku na ƙi, na ce sai ya fito ya faɗi wanda ya yi. Sai ya kai ƙarata wurin babansa. Kawu bai neme ni ba, wurin Inna ya tafi, ya ce mata ina yi wa ɗansa hassada tun kan maganar karatu. Inna ta kira ni tana kuka, ta ce, “Ɗan nan, tun rasuwar mahaifinka Yaya ne ke riƙe da ni, kada ka raba ni da shi a kan abin kwamfuta.” 

Matata ta ce in fitar da hotunan asali da na ɗauka in sa a zauren kowa ya gani, an cuce ni sau ɗaya na yi shiru shi ya sa aka sake. In na yi haka ya kunyata a gaban abokan aikinsa, kuma na san Kawu ba zai ƙara taka gidan Inna ba.

Shekaranjiya Kyaftin ya turo saƙo, wai in na gyara mashi zai yanko mani tikiti daga Kano zuwa Legas a jirgin da shi zai tuƙa. Ya san ban taɓa shiga jirgi ba. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne na karanta saƙon ya fi sau goma, kuma ina so.

Abin da ban gaya wa kowa ba, har matata, na riga na gama sabunta taswirar tun makon jiya, ta fi ta farko kyau nesa. Tana nan cikin kwamfutata. In ba shi saboda Inna, ko in sake ta da sunana duk abin da zai faru ya faru, ko in bar ta ni kaɗai in riƙa kallo? Ku gaya mani gaskiya, in ku ne ya za ku yi?